Ranar da Ragowa Ta Riƙe Nononta

Ku gyara zama, ku masu son gardama, yau na zo muku da wadda za ta ishe ku. Sharaɗina ɗaya ne, kada wanda ya tsoma mini baki sai na dire. Na san halinku sarai, tun mutum bai kai rabin zance ba kun yanke hukunci kun naɗe tabarma.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Maje, inda kogi ke yin gwiwa kafin ya miƙe gabas, wani manomi ya rasu ya bar 'ya'ya uku da shanu tara. Babban shi ne Shekarau, ƙato mai faɗin ƙirji, ba ya son magana, amma a iyo babu na biyunsa a duk kwarin. Mai bi masa mace ce, Tabawa, mai kafiyar tsiya, in ta ƙudura abu a ranta sai ta ga ƙarshensa. Autansu Nomau ya taɓa zama da Fulani shekara biyu, ya dawo da sanin cututtukan shanu da magungunansu. Dukansu manya ne, kowa da aurensa. Ba su raba shanun ba, suka ce sai bayan kaka in hankali ya kwanta.

Kakar ba ta same su da shanun ba. Da damina ta yi tsakiya, wata rana da hantsi, sama fes babu ko ɗigon hadari, sai ga ruwa ya biyo ta ƙasa. Kogi ne ya ɓalle daga can sama. Kafin mata su sauke tukunya ya kai gwiwa, kafin a gama kwashe yara ya kai ƙugu. Mutane suka yi ta kansu zuwa tudun da ke arewa da gari. Shanu kuwa duk suna ɗaure a turke, don ka san da damina ba a sakin dabba ta shiga gonar mutane.

Shekarau ne ya koma. Ya cije wuƙa a baki ya faɗa ruwa, Tabawa na tsaye a bakin tudu tana kallon kansa yana nitsewa yana ɓullowa. Kafin ya kai garke igiyar ruwa ta buge shi, wuƙar ta tafi. Ya tarar da igiyoyin sun jiƙe sun kumbura, ƙullin ya zama kamar dutse, ya yi da farce ya yi da haƙori, ko ɗaya bai kwantu ba. A cikin shanun nan dabba ɗaya ce ba ta da igiya a wuya, wata 'yar maraƙa mai kwana ashirin a duniya. Tana manne da uwarta, ruwa ya kai mata wuya, amma bakinta na kan hantsa, don ita nan ne kaɗai ta sani in abu ya ba ta tsoro. Shekarau ya fizge ta. Uwar ta kai masa ƙaho a haƙarƙari, bai saki ba. Ya saɓa maraƙar a kafaɗa ya juya. Uwar na kuka, 'yar na amsawa a daidai kunnensa, haka suka yi ta yi har tsakiyar hanya, inda kukan uwar ya yanke. 'Yar ba ta daina kira ba har ya dire ta a gaban Tabawa, ya faɗi yana aman ruwa da jini. Shanu takwas da suka rage a turke, da uwar a cikinsu, duk suka halaka. Da Shekarau ya yi jinkirin da bai kai na shan ruwa ba, da maraƙar ta bi su. Ranar aka sa mata suna Ragowa.

A kan tudu yunwa ta tarar da mutane. Rumbuna sun tafi, gonaki sun nitse, yara na kuka. Dattawa suka zauna suka ce duk dabbar da ta tsira a kawo a yanka a raba, tunda ba abin ba ta kuma ba abin ba mutane. Ba zalunci suka yi ba, ni ma da ina wurin abin da zan ce ke nan. Amma Tabawa ta dubi maraƙar nan, ta ga ita ce kaɗai abin da ya saura na mahaifinsu a bayan ƙasa, ta ce a ranta wallahi ba za a ci ta ba. Akwai wani kangon gida a bayan tudun, da tsohon rumbun ƙasa wanda ba hatsi a ciki. Ta faki ido ta zura Ragowa ta bakin rumbun, ta mayar da murfi, ta je ta ce wa dattawa maraƙar ta mutu ta jefar. Da ta ji kukan yana fitowa, ta yage bakin zanenta ta ɗaure mata baki. Madarar garin da masu agaji ke rabawa, rabonta ba ya shiga cikinta, damawa take yi ta kai rumbu ta ɗiga wa maraƙar da yatsu. Sai dai ba kullum ido ke barinta ba. Wata rana ta je sau biyu, wata rana sau ɗaya, wani lokaci a yi kwana biyu cur ba ta samu zuwa ba. Ragowa na cikin duhu, bakinta a ɗaure, ba ta san lokacin da murfi zai buɗe ba, ba ta san ko zai sake buɗewa ba. Kwana talatin da uku ta yi a haka. Tabawa ta rame har zobe na faɗuwa daga yatsanta, kuma duk ranar da ta kasa zuwa sai ta zauna ta yi kuka a ɓoye. Ba don ita ba, da an cinye maraƙar tun ranar farko, ko yunwa ta kashe ta a ta uku.

Da ruwa ya janye aka fito da ita, sai ga ta ba ta iya tsayuwa. Gaɓoɓin ƙafafunta sun kumbura, tana numfashi da ƙyar, hanci na yoyo. Duk wanda ya gani ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Nomau ya ce a ba shi kwana bakwai. Ya hura wuta ya sa ƙarfe a ciki har ya yi ja, ya kayar da ita ya danne wuyanta da gwiwa, ya yi mata lalas, wato ya ɗora jan ƙarfen a kan kowace gaɓa da ta kumbura, yadda ya ga ana yi a ruga. Ya jiƙa sassaƙen maɗaci, ya buɗe bakinta da ƙarfi ya ɗura mata. Safe da yamma yake yin ɗurar, lalas ɗin kuma sau uku ya maimaita. Ba mugu ba ne Nomau. In ya gama yakan koma gefe ya haɗa kai da gwiwa, don shi ma ƙaurin fatar nan na shiga masa rai. Ko ƙarfen ne ya yi aiki, ko maɗacin, ko kuwa tsayuwar da ya yi a kanta yana juya ta yana ba ta ruwa yana kore mata ƙuda, wannan Allah ne masani. Abin da kowa ya shaida shi ne, a rana ta takwas Ragowa ta miƙe da ƙafafunta, kuma ba don Nomau ba da wuƙa ta riga ta hau wuyanta.

To, ta rayu. Ta girma ta zama karsana ja mai farin goshi, doguwa, ƙahonta a tsaye. Amma tun tana 'yar shekara Tabawa ta lura ba kamar sauran shanu take ba. In an kai ta kiwo cikin shanun maƙwabta, gefe take komawa. Saniya in ta ƙoshi takan kwanta ta yi tuƙa, ido a lumshe, duniya ta yi mata daɗi. Ragowa ba ta kwanciya sai gajiya ta kayar da ita, kuma ko a kwance kunnuwanta na tsaye. In an zuba ruwa a bokiti ta zabura. In ƙarfe ya bugi ƙarfe fatarta ta hau rawa, zawo ya tsinke mata. In hayaƙi ya biyo ta wajenta sai ta ja igiya har wuya ya yi jini. An ba ta dusa, an ba ta harawa, an ba ta kanwa, ba ta taɓa yin ƙiba ba. Abin da ya fi cin ran Tabawa shi ne, ita da ta hana cikinta ta ba ta, in ta miƙa hannu za ta shafa ta, sai Ragowa ta ƙame, ido ya fito, numfashi ya tsaya, har sai ta janye hannun. Mutane suka ce iska ce ta shafe ta a cikin ruwa. Aka yi turare, aka rataya mata laya, kuɗin goro kawai aka yi asara.

A shekara ta huɗu masu allurar rigakafi suka zo ƙauyen. Duk shanu aka yi musu lafiya, da aka zo kan Ragowa ta karya shinge, ta yi gudu kaɗan ta faɗi tana kakkarwa, gumi na tsattsafo mata. Babbansu, wani likitan dabbobi mai furfura, ya hana a bi ta. Ya jira ta lafa, ya matsa a hankali ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe yana ji. Sannan ya ɗago ya ce, "Me ya sami saniyar nan tana ƙarama?"

Suka ba shi labari, kowa ya faɗi nasa, kuma ba zan ɓoye muku ba, da alfahari suka faɗa. Likita ya dube su ɗaya bayan ɗaya har suka tsargu.

Ya ce, "Ba iska ba ce. Jikin dabba, har da na mutum, yana da wani sinadari da yake zubawa cikin jini in haɗari ya taso, don zuciya ta yi sauri, ƙafa ta yi gudu. In haɗari ya wuce sai jiki ya tsayar da shi. To, tsayarwar nan koyonta ake yi, kuma a jikin uwa ake koya. Ɗan maraƙi ya firgita, ya ruga wurin uwa, ta lashe shi, ya sha nono, jikinsa ya gane cewa tsoro abu ne mai ƙarewa. Wannan ba ta samu wanda ya gaya wa jikinta haka ba. Ita har yau ruwan bai janye ba."

Tabawa ta ce, "Likita, ba allurar da za a yi mata?"

Ya ce, "Baiwar Allah, da akwai da na yi. Wasu sukan ɗan yi sauƙi in sun manyanta. Wasu da shi suke mutuwa."

Ya tattara kayansa ya tafi. Ran nan 'yan'uwan uku ba wanda ya iya duban ɗan'uwansa a ido, kuma ba su ƙara ba kowa labarin yadda suka ceci Ragowa ba.

Yanzu sai ku saurari inda abin ya zama abin kuka. Tabawa wabi take yi. Sau huɗu tana haihuwa, sau huɗu ana ɗaukar ɗan a tabarma tun bai yi wayo ba. A shekara ta biyar bayan ambaliya ta sami ciki na biyar, cikin na wata huɗu mijinta ya kwanta ciwon kwana uku ya rasu. Ta dawo gidan Shekarau ta yi takaba, a nan ta haifi 'ya mace. Aka sa wa yarinyar suna, amma ba wanda ke kiranta da shi, Abarta ake ce mata, roƙo ne ake yi a bar wa uwar wannan ɗaya. Tabawa ta san shekarunta, ta san ba miji, ta san daga wannan babu wata.

Kwarin Maje kuwa tun ambaliya bai koma gari ba. Yawancin mutane sun tashi, gidajen da suka rage ba su kai goma ba, kuma tsofaffi sun fi yawa. Abarta na da kwana talatin da biyar damina ta sake cika kogi, bai shigo gari ba amma ya zagaye shi ya yanke hanya, kwalekwale ɗaya da ake da shi ruwa ya tsinke igiyarsa ya tafi da shi. A cikin wannan hali zazzaɓi mai zafi ya kama Tabawa. Ta yi kwana biyar ba ta san inda kanta yake ba, da ta farfaɗo nono ya ƙafe ƙaf. Aka dafa mata kunun kanwa, aka ba ta saiwoyi, ba abin da ya zo. A duk ƙauyen ba mace mai shayarwa. Matar Nomau ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙetaren kogi. Matar Shekarau ta daɗe da daina haihuwa, ta sa yarinyar a ƙirji don tausayi, yarinyar ta tsotsa ta tsotsa ta saki ta fashe da kuka. Awakin da ke garin ba mai ɗa a ƙasa, shanun maƙwabta kuma an ƙetare da su tudu tun farkon damina. Ragowa kaɗai aka bari, don ba mai iya sa ta shiga ruwa, ga shi kuma cikinta na fari ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Ku dubi yadda gidan nan ya koma. Ana ɗiga wa Abarta ruwan kunu da tsumma, cikinta na ƙin karɓa, mutum uku kuma sun zuba wa saniya ido. Tabawa takan fito da yarinyar a kafaɗa, jiri na ɗibarta, ta tsaya tana duban hantsar nan da ke cika tana sheƙi. Har ta fara gaya wa kanta cewa ashe don wannan rana Allah ya sa suka wahala a kan maraƙar nan.

Ranar Talata da la'asar Ragowa ta haihu, ɗan maraƙi ja kamar ita. Duk gidan aka zagaye ta. Ta miƙe ta juyo ta dubi abin da ya fito daga jikinta, ta yi tsalle gefe kamar ta ga maciji. Ba ta lashe shi ba. Da ya rarrafo yana laluben hantsa, ta sa ƙafa ta yi jifa da shi. Nomau ya ɗauke shi ya goge shi da buhu, ya ce ba komai, 'yar fari takan yi haka, gobe za ta karɓe shi.

Ba ta karɓe shi ba. Kuma ga abin da wanda bai yi kiwo ba bai sani ba: nono ba ruwan randa ba ne da za ka sa moɗa ka ɗebo. Saniya ce ke sakinsa, kuma ba ta sakinsa sai jikinta ya yarda cewa lafiya. Hantsar Ragowa ta cika ta yi tauri, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu, amma in Nomau ya ja, abin da ke fitowa bai cika cokali biyu ba. Wannan ɗan abin ake gudu da shi a ɗiga wa Abarta, ta haɗiye, ta buɗe baki tana jiran ƙari.

Suka yi duk abin da aka sani. Aka shafa wa maraƙin gishiri a baya don ta lasa, ta kau da kai. Aka yi mata dabaibayi, Shekarau ya riƙe ƙaho, aka tura ɗan ƙarƙashinta, ta yi ta fizga har ta faɗi a kan gwiwa, fitsari na zuba. Aka gasa hantsar da ruwan ɗumi, ƙarar ruwan a ƙwarya kaɗai ta sa ta haukace. Matar Shekarau ta ce ko idon mutane ne ya yi mata yawa, a sa ta a ɗaki a rufe. Tabawa ta buɗe baki za ta hana, ta dubi 'yarta, ta haƙura. Aka ja Ragowa ɗaki aka rufe ƙofa, ba a yi minti biyar ba ta fasa ƙyauren da ƙaho ta fito, goshinta na jini. Daga nan aka ɗaure ta tamau a turke, kuma ba a ƙara barinta ita kaɗai ba ko na ɗan lokaci. In wannan ya gaji da ja, wancan ya karɓa. Wa zai iya tafiya ya bar ta, alhali ga nono cike a gabansa, ga jaririya na mutuwa a bayansa?

Shekarau ya gwada kogi sau biyu, ko zai ƙetare ya samo madarar gwangwani a gari. Amma ƙirjin da ƙaho ya fasa shekara biyar da suka wuce bai ƙara zama daidai ba. Sau biyu ruwa na watso shi gaɓar da ya baro, a na biyun sai da aka jawo shi.

Ranar Juma'a da safe kukan Abarta ya koma kamar na 'yar kyanwa, maɗigarta ta faɗa. Tabawa ta ɗauke ta ta fito, ta durƙusa a gaban saniyar nan a cikin taɓo, ta ɗaga mata yarinyar. Ta ce, "Ragowa, ki dube ta. Ni ce fa. Na san abin da na yi miki, ki yafe mini, ki ba ta ko rabin ƙwarya." Nomau ya ce, "Yaya, tashi, ba ta jin ki." Gaskiya ya faɗa. Ba ƙeta ce ta hana Ragowa ba, ba kuma ramuwa ba, dabba ba ta san wannan ba. Tana tsaye tana rawar jiki, ido a waje, ba abin da take gani sai hannuwa sun kewaye ta.

Abarta ta cika ranar Asabar bayan azahar, a kan cinyar uwarta. Tabawa ba ta yi kururuwa ba, ta dai ci gaba da jijjiga ta har matar Shekarau ta zo ta karɓe ta a hankali. Aka binne ta kafin la'asar a gefen tudu, don maƙabarta na cikin ruwa. Da suka dawo, Nomau ya bi ta turke ya kwance igiyar ya yar, ba don tausayi ba, don ba ya son ya ƙara ganin saniyar. Ɗan maraƙin, wanda ake riƙe da ransa da ruwan dusa, shi ma aka bar shi a nan kwance. Kowa ya shige zaman makoki, ba wanda ya ƙara bi ta kansu.

Washegari da hantsi Tabawa ta ɗauki tsummokaran yarinyar ta zagaya bayan gida za ta wanke, don ba ta so wata ta taɓa su. Can nesa, wajen wata tsamiya a bakin gona, ta hango Ragowa a tsaye ita kaɗai, kanta a sunkuye. A ƙarƙashinta ga ɗan maraƙin nan, ƙafafunsa na rawa, yana tunkuɗar hantsa, bakinsa duk kumfa. Sauran nonuwan uku kuwa zuba suke yi da kansu, fari tas, suna sauka a ƙasa har wurin ya jiƙe. Yammaci ɗaya da dare ɗaya ba hannun kowa a jikinta, abin da take bukata ke nan.

Tabawa ta tsaya da tsumma a hannu. Ba ta san lokacin da ƙafarta ta ɗaga ta yi taku ɗaya ba. Ragowa ta ɗago kai, kunnuwa suka miƙe, jikinta ya ƙame, nonon ya tsaya cak. Tabawa ta ja da baya, ta zauna a ƙasa a inda take, a nan Shekarau ya same ta da rana ta take.

Bayan sadakar bakwai dattawan da suka rage suka ce a raba gadon nan da aka daɗe ana jinkirtawa. Saniya ɗaya ce da ɗanta, ba a so a yanka, suka ce to a bar ta ga wanda ya fi kowa hannu a rayuwarta. A da, da an yi rigima a kan wannan. Ran nan Shekarau ya ce shi ɗauko ta kawai ya yi, aikin rabin sa'a, a ba Tabawa. Tabawa ta ce ita ɓoyewa kawai ta yi, a ba Nomau. Nomau ya ce shi da bai same ta da rai ba me zai warkar, a ba Yaya Shekarau. Dattawa suka gane ba kara ce ake yi ba. Kowannensu ya san duk wanda ya karɓi saniyar nan ya yarda aikinsa ne ya fi nauyi a jikinta, na alheri da na ɓarna gaba ɗaya, don ba a iya raba su.

Shekarau ya fizge ta daga bakin ruwa, ya kuma fizge ta daga nonon uwarta. Tabawa ta tsare ta daga wuƙa da yunwa, ta kuma rufe ta a duhu da baki a ɗaure. Nomau ya tashe ta daga ciwo, ya kuma koya mata cewa hannun mutum wuta ne. Cire ɗaya daga cikinsu, babu Ragowa. Ba kuma wanda ya yi don mugunta, ba wanda yake da wata hanya a ranar da ya yi nasa.

Na dire, yanzu bakinku ne. Sai dai ku auna kafin ku amsa, don wanda kuka miƙa wa igiyar saniyar, shi kuka ɗora wa nauyin kabarin Abarta. To, a cikin ukun nan, wane ne ya fi cancanta a ba shi Ragowa?